Baba da Albarushin da Ba Ya Jin Sanyi

Daga Allah muka zo, gare Shi muka nufa, kuma surukina, mahaifin maiɗakina, ya riga mu isa. Na zauna in rubuta ta'aziyyarsa da niyyar kuka, amma wallahi duk inda na taɓo sai dariya ta riga hawaye fitowa. Ba laifina ba ne, haka mutumin yake.

Ranar sadakar uku gidansa na unguwar Longsight a Manchester ya cika har bakin titi. Mu mutanen Aston mun taso daga Birmingham mota-mota, matan Zangon Kumasi mazauna unguwar Cheetham Hill sun kama kicin, maza kuma mun cushe a falo gwiwa tana gugar gwiwa. Ana cikin addu'a sai wani jikansa ya faɗo da gudu, yana ihu da Turancinsa na Manchester wai ga 'yan sanda a ƙofa. Na fita a fusace, don a shekarun nan ba a yi wa gidan Musulmi irin wannan wasa. Ashe wasu tsofaffin Turawa ne su uku, jajaye, manya-manya, kowanne da hularsa a hannu. Suka tuɓe takalma ba tare da an ce su tuɓe ba, suka shigo suka zube a kan kafet gwiwoyinsu suna ƙara. Babbansu, wani dogo daga tsaunukan Scotland, ya buɗe baki zai yi gaisuwa, sai kawai ya fashe da kuka.

Wani malaminmu na Aston ya karkato kusa da kunnena ya ce, "Likita, su wa ke nan?"

Na ce, "Abokan farautar Baba ne."

"Farauta? A ƙasar nan? Alhajin da ke gyara mana famfon masallaci in ya zo Aston?"

"Shi fa. Kilishin da kake ci duk shekara, daga ina ka zaci yake fitowa?"

Malam ya riƙe baki ya ce, "La'ilaha illallahu! Ni na ɗauka daga Kano ake aiko masa."

Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami. Idan wanda ya ci kilishin nan shekara da shekaru bai sani ba, ina ga jikokin da suke tasowa yanzu?

Baba ɗan mafarauci ne daga wani ƙauye a kudancin Kano. Karatun injiniya ya kawo shi Manchester, a nan ya haɗu da surukata, 'yar Zangon Kumasi, wadda duk muke kira Mma. Ya yi aiki har ya yi ritaya, amma jinin farauta bai taɓa barinsa ba. Yana da lasisinsa tsaf, yana da akwatin ƙarfe mai makulli a bango, yana da kulob ɗin da yake zuwa harbin allo. Ɗan sandan da ke zuwa duba akwatin ma ya zama ɗan gida, don tun ranar da Mma ta ba shi ƙosai ya daina zuwa sai da hantsi. Idan sanyi ya kama, Baba ya hau arewa wajen dogon nan na Scotland, wanda shi ne jagoran dajin, ya harbo barewa ya kawo.

Abin da ya bambanta shi, ba ya sayen harsashi haɗaɗɗe. Da hannunsa yake haɗawa. Bindigarsa irin wadda ake kira magnum ce, mai ƙaton kwanso da ke cin albarushi da yawa, don ta iya kaiwa tsallaken kwari. Akwai wani ɗan ɗaki a sama da yake kullewa, a nan sikelinsa yake. Sai ya yi alwala zai shiga, kuma in ya fara awo, ko gidan na cin wuta sai dai ka jira. Bai taɓa wuce abin da littafin masu albarushin ya iyakance ba. Yakan ce, "Ƙarin gishiri miya yake ɓatawa, ƙarin albarushi fuska yake ɓatawa." Ƙa'idar mahaifinsa kuwa ita ce: bisimilla ɗaya, harsashi ɗaya. Ka ambaci sunan Allah, ka harba inda dabba za ta faɗi nan take, ka ruga ka yanka. In ba ka da tabbas, ka sauke yatsanka ka koma gida ka ci tuwo da miyar kuka.

Naman kuma ba nasa ba ne. Ɗalibanmu na jami'a, matan da mazansu suka rasu, direbobin tasi, kowa da ƙunshinsa. Shekarar da na faɗi jarrabawar likitocin ƙasar nan, na kulle kaina a ɗan gidanmu ba na son ganin kowa. Baba ya tuƙo tun daga Manchester, ya ajiye cinyar barewa guda a kicin, bai ce mini uffan ba game da jarrabawa. Abin da ya ce wa 'yarsa kawai shi ne, "A yi masa dambu, ya rame." Ni kuwa kunyar suruki ta hana ni ci a gabansa, sai da na ji tashin motarsa na afka wa tukunyar.

To, a wani sanyi cikin shekarun farko na dubu biyu, abin da bai taɓa faruwa ba ya faru. Baba ya auna barewa a tsallaken kwari, ya yi bisimilla, ya danna kunama. Harsashin ya sauka ƙasa da inda ya nufa. Barewar ta yi tsalle ta shige daji da rauni. Suka bi sawun jini har rana ta faɗi ba su gan ta ba, sai washegari karen jagoran ya gano ta a mace. Baba ya ce mushe ce, ba mai ci. Ya dawo Longsight hannu rabbana, ya daina fira, ya daina tsokanar jikoki. Mma ta ce ko a salla takan ji shi yana ajiyar zuciya.

Nan fa mata suka haɗa kai. Mma da maiɗakina, wadda ita ce 'yar farinsa, suka yanke hukunci cewa tsufa ne, ido ya tafi, a ajiye bindiga. Shi kuma ya kafe cewa ba idonsa ba ne, albarushin ne. Ya ce da rani ya haɗa harsasan nan, da rani ya gwada su, ya kai su cikin ƙanƙara suka yi sanyin jiki.

Mma ta ce, "Ikon Allah! Yau kuma albarushi ne ke jin sanyi? A saya masa rigar sanyi mana!"

Sai suka juyo kaina. Maiɗakina ta ce, "Kai ne GP, likitan unguwa. Ka je ka duba idonsa ka faɗa masa gaskiya." Haba! Ni? Mutumin da ba na iya haɗa ido da shi, ba na iya kiran sunansa, shi zan tsaya in haska wa fitila in ce, Baba ka tsufa? Na ce ba zan iya ba. Ta ce ai aikina ne. Na ce ba a koya mana wannan a makaranta ba. Muka yi fushi da juna har mako ya zagayo. Gaba kura baya siyaki, kuma a cikin zuciyata, in faɗi gaskiya, na fi yarda da matan. Abin da nake tsoro shi ne a raba tsohon nan da bindigarsa yana ganin an yi masa ƙazafi, don na san daga nan ba zai sake zama daidai ba.

Shi ya fitar da ni. Wata Asabar ya kira ni ya ce, "Likita, gobe ka zo ka raka ni filin harbi. Gani ya kori ji."

Na isa da sassafe na tarar har ya gama loda mota. Muna isa filin ya buɗe but ɗin mota, sai na ga kuloli biyu masu furanni, manya, irin na biki. Duk wanda ya san Mma ya san kulolin nan, daga Kumasi ta zo da su, ko 'yarta ba ta aron su sai da roƙo.

Na ce, "Baba, Mma ta sani kuwa?"

Ya ce, "Za ta sani."

Ya buɗe ta farko. Harsasai ne a cikin leda, kwance a kan ƙanƙara, kuma da ƙanƙarar ba ta isa ba sai ya cika da daskararriyar kuɓewar Mma da alayyahunta na firiza. Ya buɗe ta biyu, harsasai ne naɗe a tawul kusa da kwalbar ruwan ɗumi. Ya yi mini bayani a natse. Ya ce akwai albarushin da in ya sha sanyi ba ya ci da ƙarfi, sai harsashi ya rage gudu ya sauka ƙasa. In kuma ya sha zafi sai ya haukace, ƙarfinsa ya wuce kima. Tunda magnum tana cin albarushi da yawa, bambancin ya fi fitowa a cikinta. Turawan kulob suka kewaye mu suna kallon kulolin furanni, ɗayansu ya kafa na'urar da ke auna gudun harsashi.

Baba ya kwanta ya harba na ɗumi. Suka taru a tsakiyar allo. Ya bari bindigar ta huce, ya ɗauko na cikin kuɓewa ɗaya bayan ɗaya yana harbawa kafin su sha iska. Muka je allo muka duba. Sun sauka ƙasa da na farko kusan faɗin tafin hannu, sun kuma watse, na'urar ma ta nuna gudunsu ya ragu. Wallahi tsohon nan rawa ya taka a gaban Turawa, yana cewa, "Likita, ka gani? Ka gani ko?" Na ce na gani, Baba. Daɗi ya kama ni har na manta da kunya na tafa masa.

A daidai nan wayata ta yi ƙara. Mma ce. Ashe ranar ake sunan jikar aminiyarta a Cheetham Hill, ta tashi tun asuba ta soya masa, wato waina, fal, ta je ɗauko kula ta tarar wayam.

"Likita! Kana tare da shi?"

"Ina kwana, Mma."

"Ban tambaye ka kwana ba! Ina kulolina?"

Na dubi Baba, ya juya baya yana goge madubin bindiga kamar bai san ana yi ba. Na ce, "Suna nan lafiya, Mma."

"Me ke ciki?"

Na yi tarin ƙarya.

"Na ce me ke ciki?"

"Kuɓewa, Mma. Da ɗan abin aikin Baba."

Ta yi salati mai tsawo ta kashe waya. A kwali ta kai masar nan gidan suna, ta isa a sandare, matan Zango suka yi ta yi mata tsiya har shekara. Da muka koma gida Baba ya shiga da takardar allo a hannu kamar wanda ya ci kofi. Mma ta dubi takardar, ta dubi narkakkiyar kuɓewarta ta ce, "To, na ji, albarushi ne. Sai me? Scotland za ta daina sanyi ne saboda kai?"

Nan ta kama shi, kuma ya san ta kama shi. Sanin ciwo daban, samun magani daban. Suka yi yarjejeniya a gabana: zai nemi albarushin da sanyi da zafi ba sa juya shi. In ya samu, zai koma daji. In bai samu ba, bindiga ta bar gidan, ba gardama. Washegari Mma ta je kasuwa ta sayo masa kuloli biyu munana, masu launin toka, ta dire a ƙofar ɗakinsa ta ce, "Ga naka. Ka sake taɓa nawa, kai da albarushin duk firiza zan sa ku."

Daga bazara har kaka Baba yana kan wannan aiki. Ya tambayi 'yan kulob, ya karanta littattafai, ya gano akwai irin da aka yi musamman don kada yanayi ya dame shi. Wani shago a bayan garin Birmingham ke kawo su, don haka muka riƙa ganinsa a Aston akai-akai, jikoki suna murna. Kowane sabon iri ya samu, daga mafi ƙarancin awon da littafi ya faɗa yake farawa, ya riƙa hawa a hankali, sannan ya kai shi gaban alƙalai, wato kular sanyi da kular ɗumi. Wani irin ya jure sanyi amma ya watsa harsasai kamar an watsa wa kaji tsaba. Wani ya tara su da kyau a ɗumi, ya sha ƙanƙara ya ba shi kunya. Ni har na gaji na ce, "Baba, ba ga wanda Turawan suka ce ya fi ba? A ɗauke shi mana a huta." Ya ce, "A bindigarsu ya fi. Tawa ba ta faɗa mini ba tukuna. Sai an gwada akan san na ƙwarai."

Mma kuwa kullum tana mita, amma maiɗakina ta kama ta tana cika robobi da ruwa tana jerawa a firiza duk daren Juma'a. Da aka tambaye ta sai ta ce kuɓewarta take karewa.

Da ganyen bishiyoyi ya fara zuba, aka dace. Na sanyi da na ɗumi suka faɗa wuri ɗaya, har ba ka iya bambance ramin wannan da na wancan. Ya sake gwadawa a wani makon, haka. Wannan karon bai yi rawa ba. Muna cikin mota a hanyar gida sai ya faka a gefen titi, ya cire tabarau ya ce, "To, Likita. Mun wanke albarushi. Yanzu duba mini idon nan."

Na ce, "Baba, ai akwai masu wannan aikin."

"Zan je wurinsu. Amma kai nake so ka fara faɗa mini. Na ɗauke maka kunyar."

Na ciro 'yar fitilata. Ranar ce karon farko da na taɓa duban surukina ido cikin ido, kuma abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Na ce, "Baba, yanar ido ta fara, a idon da kake auna da shi. Bana za ta bar ka. Baɗi ban sani ba."

Ya gyaɗa kai, ya mayar da tabarau ya ce, "Bana kawai nake nema."

Da sanyi ya kankama muka hau Scotland tare, don ya ce dole mai shaida ya je. Kai, jama'a! Ban taɓa sanin akwai sanyi irin wannan a duniya ba. Na sa wando uku, amma haƙorana suna ta kiɗa. Muna rarrafe cikin dusar ƙanƙara a bayan dogon jagoran nan, ina ta zagin kaina a zuci, ina cewa me ya kai likitan Aston kan dutse. Baba kuwa ko a jikinsa. Muka kwanta a bakin wani kwari muka yi ta jira har na daina jin yatsun ƙafata. Can sai jagoran ya taɓa kafaɗar Baba. Barewa ce tsaye a tsallake, ta ba mu gefe.

Na ji numfashinsa ya daidaita. Ya daɗe yana dubawa, har na zaci zai sauke yatsa. Sai na ji a hankali, "Bismillahi, Allahu akbar." Ƙara ta cika kwarin. Barewar ta durƙusa a inda take, ko taku ɗaya ba ta yi ba. Tsohon da ke kukan gwiwa in zai hau bene, sai ga shi yana gangara dutse da wuƙa a hannu, ni matashi ina baya ina faɗuwa ina tashi. Da na iso ya gama yanka, ya ɗora hannu a wuyanta yana hamdala, hawaye suna bin gemunsa. Ni ma na yi nawa, na ɗora wa iska laifi.

Da muka sauko wajen mota, Baba ya zare harsasan da suka rage, ya goge bindigar tsaf, ya miƙa wa jagoran da hannu biyu. Ya ce masa ya riƙe, za su yi takardu yadda doka ta ce. Baturen ya ƙi karɓa, ya ce mutumin da ya yi harbi irin na yau yana da sauran shekaru. Baba ya ce, "Karɓi, abokina. Gara in ba ka yau ina dariya."

Muka iso Longsight da nama, ba bindiga. Mma ta fito tana duba but, ta dubi hannunsa ta ce, "Ina take?"

Ya ce, "Na ajiye."

"Ka sake kuskurewa ne?"

Na yi caraf na ce, "Mma, harsashi ɗaya! Ko motsi ba ta yi ba!"

Sai ga Mma, wadda ta shekara tana faɗa a ajiye bindiga, ta riƙe ƙugu ta ce, "To wa ya ce ka ajiye? Bayan duk ƙanƙarar da na daskarar maka? Ba ka ce albarushin ne ba?"

Baba ya yi dariya har da riƙe ƙofar mota. Ya ce, "Albarushin ne, Hajiya. Da bara na ajiye ta, ita ce ta ajiye ni. Yau ni na ajiye ta."

Mma ta tsaya tana dubansa. Sai ta ja gefen mayafinta ta share ido ta ce, "Shigo ka ci abinci, tsohon banza."

Ya ƙara wasu shekaru bayan nan cikin walwala, aka yi masa aikin ido ya warke sarai, amma bai taɓa cewa a dawo masa da ita ba. Wata ranar la'asar, bayan ya idar da salla, ya jingina da kujera, shi ke nan.

Ya Allah, bawanKa ne da ya hana kansa sukuni shekara guda saboda tsoron wahalar da dabbar da ba ta da bakin kai ƙara. Kada Ka wahalar da shi a kabarinsa. Ka yafe masa, Ka ba Mma haƙuri, mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.